Kason Tasker

Ni na yanka *Ƙararrawar Ƙarƙashin Teku*. Kada wani ya zabura, yanka a wurinmu aiki ne na almakashi da gam. A kawo maka tulin zaren fim da aka ɗauka, ka zauna a ɗaki marar taga, ka zubar da na zubarwa, ka haɗa sauran har ya zama labari. Na fi shekara ashirin ina wannan aiki a kamfanin Hallock da ke Hollywood. Sunana Lenora Quill. Yana fitowa a allo daidai lokacin da mutane ke laluben kujera, don haka ban ga laifin wanda bai san shi ba.

Daraktan fim ɗin Orville Tasker ne, wani dogon mutum ɗan Nebraska, mai tafiya a sunkuye kamar kullum yana tsoron kansa zai bugi rufi. Kafin wannan ya yi wa kamfanin ƙananan finafinai biyar, kowanne ya gama a kan lokaci, har rarar kuɗi yake mayarwa. A garinmu mai mayar da rara kallon marar lafiya ake yi masa, amma Mista Hallock, mai kamfanin, abin ya burge shi. Da ya tashi yin babban fim mai kala da waƙoƙi, wanda zai rufe bakin sauran kamfanoni, sai ya ce a kira masa ɗan Nebraskan nan mai tsimi.

Labarin ba wani abin a zo a gani ba ne. 'Yar wani masunci ce take jin ƙararrawa daga ƙarƙashin ruwa, ta bi sautin, ta tarar da birni guda na kifaye masu magana, da wani tsohon sarkinsu da ya manta sunansa. Waƙoƙi bakwai ne a ciki. Aka ware masa dala miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. A 1938 wannan kuɗin zai yi finafinan kaboyi goma, har a sayi dawakan.

Ruwa ne ya fara cin mu. An haƙa wani ƙaton tanki a bayan filin kamfani don ɗaukar birnin kifayen. To ita kyamarar kala haske take so kamar me, fitilun suka dafa ruwan, ya yi gansakuka, ya fara wari. Aka kwashe, aka zuba sabo. Sai rinin kayan 'yan rawa ya zuba, jajayen kifaye suka fito ruwan hoda, tankin ya koma launin shayi. Aka sake ɗinki. Ana gamawa yarinyar da ke jan fim ɗin ta kwanta da ciwon kunne. 'Yan rawa sittin suka zauna a bakin tanki suna buga karta, albashinsu yana tafiya.

Kafin a ce me, magana ta zagaye ɗakin cin abinci: fim ɗin Tasker ya mutu.

Muna da wata al'ada a kamfanin, kuma ba mu kaɗai ba. Idan aka ga fim ya kama hanyar asara, kowane sashe sai ya kwaso kashe-kashen da ya rasa inda zai kai, ya jibga masa. Dalilin mai sauƙi ne. Masu kuɗin suna New York, kuma ya fi sauƙi a je musu da babbar asara guda ɗaya, a sha faɗa sau ɗaya, da a je musu da ƙanana guda biyar. Ba wanda yake kiran wannan sata, tunda kuɗin an kashe su da gaske, wurin rubuta su ne kawai ake zaɓa. Abu ɗaya ne sharaɗi, sai daraktan ya sa hannu.

A ɗakina aka same shi da takardun, muna duba abin da aka ɗauka jiya. Cyrus Pruitt ne ya kawo su, shugaban akantoci, wani gajere mai sanyin murya da kullum akwai alawar na'a-na'a a kuncinsa.

"Mista Tasker, 'yan takardu ne. Hannunka kawai muke so."

Tasker ya gyara tabarau ya fara karantawa. Shi kaɗai ne daraktan da na sani yana karanta abin da zai sa wa hannu, kuma hakan bai taɓa tsare shi daga komai ba.

"Gyaran rufin zauren ɗaukar fim na shida? Ko taka zaure na shida ban taɓa yi ba."

"Ai ruwa ne ya ɓata shi."

"Ruwan sama ne."

"To, ruwa dai ruwa ne, ranka ya daɗe."

"Wannan 'yar wasan fa da aka kawo daga Vienna? Albashin shekara biyu, tana zaune a otal?"

"An yi tunanin sa ta a fim ɗinka."

"Wa ya yi tunanin?"

"Ni," in ji Pruitt. "Jiya."

Akwai wani labari da aka saya ba a taɓa yi ba, akwai sabuwar dardumar ofishin Mista Hallock, akwai tankin gaba ɗayansa, wanda kowa ya san finafinan 'yan fashin teku za su yi ta iyo a ciki kyauta har illa masha Allahu. Tasker ya ajiye alƙalami ya ce ba zai sa ba.

Pruitt bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya ce Mista Hallock ya san za a iya samun haka, don haka ya ce a faɗa masa: idan bai sa ba, ranar Juma'a za a kashe fitilu, a haɗa fim da abin da ke hannu, waƙar ƙarshe kuwa a manta da ita. Idan ya sa, ya ƙarasa aikinsa yadda yake so. Sannan kuma, tunda dole a rage sauran kuɗin aikinsa, maigida ya ce a ba shi kaso goma cikin ɗari na ribar fim ɗin a madadinsu.

Dariya ta kuɓuce mini. Kason riba a garinmu shi ne abin da ake ba mutum idan ba a son ba shi komai, balle ribar fim ɗin da ake shirin binnewa.

Tasker ya juyo gare ni. "Mis Quill, in babu waƙar ƙarshe, zai haɗu?"

"Zai haɗu," na ce, "kamar wando ba mazagi."

Ya ɗauki alƙalami ya sa hannu a kowace takarda, da kyakkyawan rubutunsa na ɗan makarantar ƙauye. Da aka rufe lissafi, fim ɗin ya tashi a dala miliyan biyu da rabi. Nawa ne ya shiga cikinsa da gaske, ban sani ba, kuma ina jin Pruitt ma bai sani ba.

Fim ɗin ya fito a ƙarshen 1939, ya kuma yi kyau. Ba na yawan faɗin haka, don na ga finafinai tun suna tsirara. Layi har yana zagaye gidan silima. Amma idan ka duba layin, kawunan duk a ƙasa suke. Yara ne, kuma tikitin yaro senti goma ne. Su shiga da rana da gugguru, su kalla, su lafe a kujera su sake kallo, ba mai iya fitar da su. Gida ya cika maƙil, akwatin kuɗi ba nauyi. Turai kuma, inda ake sa ran cike giɓin, yaƙi ya rufe ta. Abin da ya dawo wa kamfani bai kai miliyan biyu ba.

Jaridun sana'armu suka buga cewa Tasker ya jawo wa Hallock asarar fiye da rabin miliyan. Mista Hallock ya tafi New York ya sha faɗansa sau ɗaya, ya dawo da ƙiba. Sauran finafinan shekarar duk suka fito da riba, daraktocinsu suka samu ƙarin albashi. Da kwantiragin Tasker ya ƙare, ba a kore shi ba, ba a dai kira shi ba ne.

Lokacin yaƙi ya yi wa sojoji finafinan koyarwa, yadda ake wanke safa da yadda ake tsare kai daga sauro. Bayan yaƙi ya koma yin finafinan tallan abincin karnuka. Mukan haɗu jefi-jefi a wani ɗan shagon abinci kusa da ƙofar kamfani, ya ci ƙwai da burodi, ya biya nasa, ya dage sai ya biya nawa. Ba ya ƙorafi. Abu ɗaya yake so a duniya, a sake ba shi fim ya yi. Ya ma rubuta labarin da kansa, ɗan ƙarami ne, a kan manoman alkama na garinsu a shekarar fari. Ya kai shi kowane ofis a garin. Ko'ina a ba shi kofi, a ce masa 'ya'yansu sun haddace waƙoƙin fim ɗinsa, sannan a ce, "Sai dai ka san yadda abin yake, Orville. Fim ɗinka ya faɗi." Kalmar ta manne masa. In an ambaci sunansa a taro, wani zai ce, "Wane? Mai tankin nan?"

A 1949 wani a sashen talla ya ce a sake fitar da fim ɗin, tunda yana kwance ba ya cin komai. Tabɗi! Yaran da suka kalle shi da senti goma yanzu sun girma, sun zo da matansu da 'ya'yansu, sun biya cikakken kuɗi. Turai ta buɗe. Bayan 'yan shekaru aka sake fitar da shi, ya sake cika gidaje. Sai ga masu talabijin sun zo da kuɗi a hannu suna roƙo a ba su haya. Ko mai share zaure ya san fim ɗin ya mayar da uwar kuɗinsa ya ninka.

Amma takardar lissafin da ake aika wa Tasker duk shekara, a matsayinsa na mai kaso, cewa take har yanzu da saura. An ɗora kuɗin sababbin kwafi, an ɗora na talla, an ɗora ladan da kamfani yake biyan kansa don ya rarraba fim ɗinsa, an kuma ɗora kuɗin ruwa a kan tsohuwar asara. Fim ɗin yana gudu, ribar tana gaba tana gudu.

Wata ranar Asabar ya kira ni shagon abincin, na tarar da shi da wakilinsa, Murray Fenn. Fenn shi ke nema masa aiki yana cire ladansa, wato shekara da shekaru yana cire lada daga abincin karnuka. Mutum ne mai faɗin baki, mai cin abinci yana magana.

"Faɗa masa, Lenora," in ji Fenn. "Ni na gaji. Faɗa wa wannan ɗan ƙauyen abin da kowa ya sani."

"Me kowa ya sani?" Tasker ya tambaya.

"Muddin kana da kaso goma, fim ɗin nan ba zai ci riba ba har a tashi duniya. Ranar da ya ci, sai sun biya ka. Da kai ne su, za ka bar shi ya ci?"

"Da na bar shi."

"Ai na sani! Shi ya sa kake tallan abincin kare." Fenn ya nuna shi da cokali mai yatsu. "Ka kai su ƙara, mutumina. Ka nemo lauya mai baƙar zuciya, ni zan ba ka sunan uku. A garin nan ƙara gaisuwa ce."

"Da kaina na sa wa takardun nan hannu, Murray. Ba wanda ya riƙe mini wuya. Yanzu in tsaya gaban alƙali in ce ƙarya ce?"

"Ƙarya ce mana!"

"To ni na sa mata hannu. Kuma wanda ya kai mai gida kotu, wa zai sake ba shi aiki?"

"Wa ke ba ka yanzu?"

Tasker ya juya kofinsa. Can ya ce, "Ni ba kuɗin nake so ba. So nake a rubuta cewa fim ɗin bai faɗi ba. A buga a jarida, da sunana. Shi ke nan. In an cire mini wannan kalmar, kowa zai saurare ni." Ya ɗago. "Ka ce kasona ne ya tare hanya?"

Fenn ya ajiye cokalin. "Kai, kai, kai! Orville, kada ka soma. Lenora, kin ga idonsa? Wallahi kada ka soma."

Na ce masa ni ma ban ga hikimar abin ba. Ya gode mana mu biyu da ladabi, ya biya kuɗin abincin kowa.

Bayan mako biyu aka kira ni ofishin Pruitt, wanda a lokacin ya zama mataimakin shugaba, ofishinsa har da taga biyu. Shaida ake nema, Tasker kuma ya ce ni yake so. Na tarar takarda a kan tebur. Tasker zai sayar wa kamfani kasonsa gaba ɗaya. Kamfani kuma zai sake duba lissafin fim ɗin, ya sanar da sakamakon a cikakken shafi na jarida, da sunan darakta da manyan baƙaƙe.

Abin da ban taɓa gani ba na gani ran nan, Pruitt yana jan ƙafa.

"Mista Tasker, ka tabbata? Ba ka son wani ya duba maka ita? Ba sauri muke ba."

"Na karanta."

"Na san ka karanta, ranka ya daɗe. Cewa na yi ko wani zai duba maka. Ba ka faɗi farashi ba fa. Ko dai za ka faɗi wani abu?"

"Ba sayarwa na zo yi ba, Mista Pruitt, hanya na zo buɗewa."

Pruitt ya tsotsi alawarsa. Ya ce to doka ba ta yarda da ciniki ba kuɗi ba, dole a rubuta wani abu, ko da dala ɗaya ce. Tasker ya ce a rubuta dala ɗaya. Pruitt ya laluba aljihunsa, babu canji. Ya dube ni. Na buɗe jaka na ba shi dala ɗaya, ya miƙa wa Tasker, muka sa hannu mu uku. Da yamma aka kawo mini dalata a ambulan daga ofishin kuɗi, da 'yar takarda da ke nuna an rubuta ta a kan *Ƙararrawar Ƙarƙashin Teku*.

Sun cika alkawari, wannan kam ba zan hana su ba. Cikin wata guda lissafi ya warke sarai. Rufin zaure na shida ya koma inda ya fito, matar Vienna ma haka, kuɗin ruwan ya narke. Aka wayi gari fim ɗin ya ci ribar fiye da dala miliyan biyu, yana cikin finafinai mafi riba da kamfanin ya taɓa yi. Shafi guda cur a jarida, ga hoton yarinyar da ƙararrawa, ga ORVILLE TASKER a ƙasa da baƙaƙen da za ka karanta daga tsallaken titi. Mista Hallock ya tafi New York, wannan karon da makaɗa aka tarye shi.

Tasker ya sayi sabuwar kwat. Ya kira ni a waya, muryarsa kamar ta ƙaramin yaro. "Kin gani, Mis Quill?" Na ce na gani. Na taya shi murna, kuma da gaske nake, don ban taɓa jin sa haka ba.

Sai dai labarin dala ɗaya ya riga jaridar isa ko'ina. Ban san wa ya fitar ba. Ba ni ba ce, ofis dai yana da sakatarori, sakatarori kuma suna cin abincin rana. A ɗakin cin abinci wani marubuci ya ɗaga dala ɗaya sama ya ce wa ke da gida na sayarwa, aka kwashe da dariya. Idan mutum ya yi ciniki marar kyau sai a ce ya yi irin na Tasker. Fenn ya daina ɗaukar wayarsa, ya ce wa mutane zuciyarsa ba za ta iya ba.

Shi bai san ana yi ba, ko kuwa ya sani ya ɗauka zai wuce. Ya jira a kira shi. Da shiru ya yi yawa, sai ya ɗauki labarin manomansa ya zo wurin Mista Hallock da kansa.

Da rana ne, muna ƙaramin ɗakin kallo, ni da maigida da Pruitt, ina nuna musu wani fim da nake yankawa. Sakatare ya leƙo ya ce ga Mista Tasker. Hallock ya ce a kunna fitila, a shigo da shi. Ya tsufa a lokacin, ya yi nauyi, amma ya miƙe tsaye, ya rungume shi, har da bubbuga baya.

"Orville! Ɗan Nebraska! Jikokina sun hana ni barci da waƙar kifin nan taka. Zauna, zauna. Me ka kawo mana?"

Tasker ya zauna a bakin kujera, sabuwar kwat ɗin ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa. Ya ba da labarin a taƙaice: gari ɗaya, iyali ɗaya, shekarar da ruwa ya ƙi sauka. Ba kala, ba waƙa, ba manyan 'yan wasa. Na saurara da kunnen aiki, kuma fim ne. Da na so in yanka shi.

"Nawa zai ci?" in ji Hallock.

"Dala dubu ɗari da tamanin. Na yi lissafin har abincin ma'aikata."

"Na san ka yi." Hallock ya shafa kansa, ya yi ajiyar zuciya. "Orville, ba zan ɓoye maka ba, mun daɗe tare. Na ambaci sunanka a New York. Wallahi na ambata. Ka san me suka ce?"

"Fim ɗin ya ci riba, yallabai. An buga."

"An buga, ni na biya kuɗin shafin. Ba wannan ba ne. Da can cewa suke ba ka iya riƙe kuɗin mutane ba. Wannan ina iya musu da su, don na san yadda aka yi. Yanzu cewa suke ba ka iya riƙe naka ba. Me zan ce musu? Mutumin da ya saki kaso goma na fim irin wannan a kan dala ɗaya, in je in ce a damƙa masa dubu ɗari da tamanin?"

Tasker ya dubi takardun da ke kan cinyarsa.

"Me ya hana ka kai mu ƙara, don Allah?" Hallock ya buɗe hannuwa, kuma na rantse ɓacin ransa na gaske ne. "Kowa yana kai mu ƙara! Haka ake yi. Lauyanka ya rubuto, namu ya amsa, a yi 'yan zage-zage, a sasanta, mu je mu ci abinci. Rabin daraktocin da ke aiki a filin nan yau sun taɓa kai ni ƙara. Tun da aka sake fitar da fim ɗin muke jiran takardar lauyanka. Har kuɗin sasantawa an ware, suna nan ajiye. Sai ga ka ka shigo da ƙafarka kana neman dala ɗaya. Pruitt ya zo nan kamar zai yi kuka."

"Na tambaye shi sau biyu," in ji Pruitt a hankali.

Tasker ya cire tabarau, ya goge da gefen kwat, ya mayar. "Nawa aka ware?"

Hallock ya dubi Pruitt. Pruitt ya dubi takalminsa.

"Faɗa masa mana," in ji Hallock. "Yanzu me ya rage?"

"Dubu ɗari biyu," in ji Pruitt.

Ina kallon leɓen Tasker yana motsi kaɗan, yana lissafi, shi da bai taɓa kuskuren lissafi ba. Haushi ya kama ni, na Hallock, na Pruitt, har da nasa shi kansa, kuma ban san wanne ya fi ba.

Ya miƙe, ya tattara takardun labarinsa, ya daidaita gefensu a kan gwiwa, ya sa a hammata.

"Da na yi shi da kaina," ya ce. Ba da kowa yake ba. "Har da canjin dubu ashirin."

Ya gode wa Mista Hallock da ya ba shi lokaci, ya yi wa Pruitt sallama, ya ce mini, "Sai an jima, Mis Quill." Bai sake yin fim ba.

Da ƙofa ta rufe, Hallock ya zauna, ya daɗe yana kallon farin allo. Sannan ya ce, "To, Lenora. A ina muka tsaya?"

Na ce a kashe fitila.